Katin Ketura a Hanyar Damaturu

Taƙaitaccen bayanin al'amarin, kamar yadda ya shiga fayil, shi ne wannan: ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuli, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe mai suna Ketura Wilson, mazauniyar unguwar Bolori a Maiduguri, ta rasa katin shaidarta na jami'a tare da takardar shiga jarrabawa, a wani wuri tsakanin Jakana da Mainok, kan hanyar Damaturu. Ba sace su aka yi ba, ba kuma faɗuwa suka yi ba; da yardarta aka jefar da su ta tagar mota. A dalilin haka ba ta rubuta jarrabawar da aka yi washegari ba, kuma kwamitin da ya duba roƙonta bai ga hujjar yi mata sassauci ba. Babu wanda ya ji rauni.

Ni na tsara wannan bayani, domin ni maƙwabta ke kawo wa duk wasiƙar da suke so ta yi ƙamshin ofis. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin akawu, kuma a cikinsu na koyi cewa takardar da ta wuce shafi ɗaya ba a karanta ta. Abin da shafin bai ɗauka ba shi ne ke biye.

Mahaifin Ketura, Wilson, mutumin kudancin Borno ne. Teburinsa ya fuskanci nawa shekara goma sha tara, daga baya kuma katanga ɗaya ta raba gidajenmu. A farkon Yulin nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi yana wanke fuska da safe. Ketura na jami'arta a lokacin, can yamma, tafiyar yini guda daga nan, tana shekara ta biyar a karatun haɗa magunguna. Jarrabawa ɗaya ta rage mata, wadda ake yi sau ɗaya tak a shekara. Ta zo ta kwana huɗu a gefen gadon mahaifinta, da niyyar komawa ana gobe jarrabawa.

Tafiya a wannan hanya tana da shirinta, kuma duk ɗalibin da ke bin ta ya san shi, ko da yake babu inda aka rubuta. Iri biyu ne ke tsayar da mota. Akwai sojoji, waɗanda ke son ganin katin shaida. Akwai kuma mutanen daji, masu tayar da ƙayar baya, waɗanda su ma katin suke nema, amma domin wata manufa dabam: ɗalibi da ma'aikacin gwamnati da mai suna irin na Ketura ba sa cikin waɗanda ake cewa su koma mota. Don haka katin nan ba ya baruwa a gida, ba ya kuma ɗaukuwa da kwanciyar hankali. Ana riƙe shi a hannu, ba a cikin akwati ba, domin a nuna shi ko a rabu da shi. Wahalar kawai ita ce duka ɓangarorin biyu kaki suke sawa, kuma lokacin da fasinja ke da shi na tantancewa bai wuce tsakanin taka birki da tsayawar mota ba.

Ketura ta bi hanyar nan fiye da sau ashirin. Mai hankali zai ce ta saba. Ba ta saba ba. Kwana biyu kafin kowace tafiya abinci ya daina shiga cikinta. Ba ta shan ruwa ranar, don kada ta buƙaci a tsaya. Tana goge hotuna da lambobi daga wayarta, har da na coci. Daga Njimtilo take fara ƙidayar garuruwa a zuci, Auno, Jakana, Mainok, Beneshek, Ngamdu, kuma ta gaya mini cewa ba ta taɓa sanin launin ƙasar wurin ba, domin ƙeyar direba kawai take kallo: in ya miƙe zaune, ita ma numfashinta ya tsaya. Sai an shiga Damaturu take gane cewa faratanta sun huda tafin hannunta.

Ranar Litinin da la'asar ta shigo gidana karɓar hijabi wurin 'yata Siddiƙa, kamar yadda suka saba. A hanya sunanta Aisa Bukar, za ta Potiskum barkar haihuwar gwaggonta. Ina zaune a tsakar gida suka yi bitarsu.

"Ke, sunanki?" in ji Siddiƙa, ta yi muryar maza.

"Aisa."

"Aisa wa?"

"Aisa Bukar, ranka ya daɗe."

"Ba a ce musu ranka ya daɗe, shashasha, ba hakimai ba ne. Karanto Fatiha."

Ketura ta karanto ba tuntuɓe. Tun tana rarrafe take jin ta ta kan katanga.

"Wallahi kin fi mijina gyara baƙi," Siddiƙa ta ce. "Tafiyarki ce matsala. Kina taku kamar 'yar zumuntar mata da ta makara zuwa coci. Ja ƙafa kaɗan."

Suka yi dariya, ta Ketura gajeriya. Sai na ga ta ninke takardar shiga jarrabawa tana shirin cusa ta ƙarƙashin shimfiɗar takalminta, katin kuma ta sa a wata 'yar jaka shuɗiya ta hannu.

"Me kike yi haka?" na tambaye ta.

"Raba su nake yi, Baba. In ɗaya ya tafi, ɗaya na nan."

Na yi mata bayani, cikin natsuwar wanda ya san aikinsa, cewa takardun abu ɗaya ba a raba su. Fayil ɗin da aka raba gida biyu fayil ne da ya ɓace; na ga haka sau ɗari. Ga damina, ga gumi, hatimin da ke kan takardar zai narke kafin ta kai Auno. Na karɓa, na miƙar da ninkin a kan gwiwata, na sa ta cikin jakar tare da katin, na ja zif da hannuna. Ta ce ta gode. Ya kamata a sani cewa takardar tana ɗauke da hotonta da hatimin sashe, kuma ko ita kaɗai ta isa a bar ta ta shiga ɗakin jarrabawa.

Da sassafe ta leƙa ta sallami mahaifinta. Bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Ya dubi hijabin ya dube ni, ya ce, "Ba'ana, ka ƙwace mini 'ya." Na ce aro ne, zan mayar in ta zama likitar magani. Ya yi dariya da rabin fuska.

Abin da ya faru a hanya na ji shi daga bakin mutum biyu, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Ta farko Ketura ce, na biyun shi ne Hashim, ɗan unguwar Umarari, ɗalibin injiniya a jami'arsu, wanda suka haɗu da shi a tasha. Mota mai cin mutum bakwai ce. Shi a bakin taga, ita kusa da shi.

"Hajja Aisa, yau ma barkar?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Gwaggon nan taki ba ta gajiya da haihuwa."

"Ka yi mini shiru, Hashim."

"Sau huɗu a shekara fa. A kai ta asibiti."

An yi ruwa mai yawa kwana biyu a jere. Suka wuce shingen Njimtilo bayan an buɗe hanya, suka wuce Auno, suka wuce Jakana, kowane wuri sojoji na leƙowa suna ɗaga hannu. Wajen ƙarfe tara, a wani miƙaƙƙen wuri da babu gida babu gona, direba ya miƙe zaune. Can gaba wata babbar mota ta tare rabin kwalta, mutum biyar cikin kaki na tsaye da bindigogi. Babu buhunan yashi, babu durom, babu rumfa. Direban ya rage gudu, ya faɗi magana ɗaya, ba ga kowa ba: "Jiya babu shinge a nan."

Wata tsohuwa mai kai busasshen kifi Damaturu ta fara salati. Mutumin da ke gaba ya cire agogonsa, ba wanda ya san dalili. Juyawa ba ta yiwuwa, an riga an gan su. Hashim ya sauke gilashi, ya ce, "Ketura, kawo." Da sunanta na gaskiya ya kira ta, kuma ta ce wannan ne ya tabbatar mata cewa ranar ta zo. Ba ta tuna ta yanke wata shawara ba. Hannunta ne ya buɗe. Ya haɗa jakar da katinsa ya wurga.

Sojoji ne. Ruwa ya ci gefen hanya, motarsu ta kafe, suna ba motoci hannu ɗaya bayan ɗaya. Da babu abin da ya fita ta taga, da ko tsayawa ba za a yi ba. Amma sajan ɗinsu ya ga an jefa wani abu daga mota taku kaɗan kafin a iso wurin mutanensa, kuma a wannan hanya ba a ɗaukar irin haka da wasa. Aka sauke kowa, aka jera su a kan kwalta.

"Wa ya jefa?"

Hashim ya ɗaga hannu.

"Me ka jefa?"

"Katin makaranta, oga. Nawa da nata."

Sajan ya juyo. Mutum ne mai furfura a gemu, idanunsa jajaye don rashin barci. "Ke, sunanki?"

"Aisa," in ji ta, domin abin da bakinta ya haddace ke nan. Sai kuma ta ce, "Ketura."

"Wanne zan rubuta?"

Ya daɗe yana kallon hijabin, sa'an nan ya sauke bakin bindigarsa. "Kun ɗauka su ne," ya ce. Ba tambaya ba ce. "Ku ne na uku a watan nan."

Aka bincike motar da kayan kowa, har kwandon kifi. Daga inda take tsaye Ketura na hango jakar. Ta sauka a kan wani ɗan kurmin sabara, kamar taku goma daga bakin kwalta, shuɗinta na ƙyalli a rana. Ta roƙi izini ta ɗauko.

"Ba mai sauka daga kwalta a nan," sajan ya ce.

"Gobe nake da jarrabawa, oga. Ga ta can, ana ganinta."

"Ina ganinta. Tun da aka yi ruwa ba a share gefen nan ba, ban san abin da aka binne ba. Ni kaina ba na takawa. Masu na'urar gano bam sai Juma'a."

Hashim ya ce shi zai je, tunda shi ya jefa. Zai bi a hankali.

"In ka tashi sama, ni zan rubuta rahoto," in ji sajan, "kuma ba na son rubutu. Koma layi."

Direba ya gwada da sandar da yake tokare murfin bayan mota, ba ta kai ko rabi ba. Fasinjojin da ɗazu suke addu'a tare da su yanzu sun fara tsaki, domin sa'a ɗaya da rabi ta tafi. Tsohuwar ta ɗaure kwandonta tana cewa, "Ku masu karatu, tsoronku ma sai ya jawo wa mutane aiki." Suka shiga mota. Ketura ta ce wannan ne karo na farko da ta kalli gefen hanyar, kuma ta kalle shi ta gilashin baya har shuɗin ya ɓace.

Ta isa makaranta bayan an tashi daga ofis. Washegari ƙarfe takwas da rabi tana ƙofar ɗakin jarrabawa. Jami'in da ke duba takardu malaminta ne, ya koyar da ita shekara uku. 'Yan ajinsu kusan arba'in suka tsaya suna shaidar cewa ita ce. Amma a shekarar da ta gabata an kama wani yana rubuta wa wani, aka tsaurara doka: babu kati ko takardar shiga, babu shiga, sai da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu.

"Na san ki, Ketura," ya ce. "Ƙa'ida ce ba ta san ki ba. In na bar ki, gobe ni za a tambaya."

Ba zan zarge shi ba. Na faɗi wannan magana, kusan kalma da kalma, ga mutanen da suka fi ta shekaru, kuma na ci abincin rana bayanta. Ta ruga ofishin 'yan sanda, daga nan kotu. Takardun biyu suka kammalu ƙarfe biyu da kwata. An tashi daga jarrabawa sha biyu. Hashim, wanda tasa jarrabawar sai Litinin, ya bi layi ɗaya da ita, ya sami nasa takardun, ya rubuta, ya gama a shekarar.

A waya ta ba ni labari, ni kuma na rubuta roƙon. Amsar kwamiti ta zo bayan mako bakwai, kuma a matsayin takarda ba ta da aibi. Ta lissafa dalilan da doka ta yarda da su: rashin lafiya mai shaidar likita, rasuwar iyaye, haɗari ko hari mai rahoton hukuma. Ta lura cewa babu wani hari da aka kai a hanyar a ranar, kuma ɗalibar da kanta ta amsa cewa da son ranta ta rabu da takardunta. Na karanta sau biyu na fahimci matsayin: da mutanen da ta ji tsoro ne suka tare motar, kuma ta tsira, da an ba ta wata rana. Kuskurenta shi ne babu abin da ya same ta.

Ni na kai wa Wilson labari. Ya saurara, ya ce, "Shekara ɗaya ce. Mu da muka jira ƙarin girma shekara tara." Daga baya ya tambaya yaushe za ta zo.

Ba ta zo ba. Ta kama ɗaki a garin da jami'ar take, ta sami aiki a wani kantin magani, tana jiran Yuli. Da Kirsimeti ta ce aiki ya yi yawa. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci sai ta kira, in riƙe wa mahaifinta waya a kunnen da ke ji. Wata rana bayan sun gama na fita da wayar zaure.

"'Yata, hanya ta yi sauƙi yanzu," na ce. "Motoci na wucewa kullum. Mijin Siddiƙa ya je Kano ya dawo makon jiya."

"Na sani, Baba."

"To me ya hana?"

"Da can tsoron su nake ji," ta ce. "Yanzu ban san ko na wane ne ba. In mota ta rage gudu, ko a cikin gari ne, sai in ji hannuna yana buɗewa. Rannan na yar da kuɗin keke a titi, ba kowa a gabanmu sai akuya."

Na gaya mata, tunda dama ta samu, cewa da na bar takardar a takalminta da yanzu ta gama. Na daɗe ina shirya jimlar, kuma ta fito daidai.

"Ba kai ka jefa ba, Baba," ta ce. Ba ta ce ba haka ba ne.

Wilson ya rasu a watan Maris, ranar Alhamis da hantsi. Aka sa jana'iza Asabar domin ta samu isowa. Ranar Juma'a da safe ta kira ni daga tasha, ta ce ta shiga mota, saura mutum biyu ta cika. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na shiga gidan makoki na sanar. Mata suka fara gyara mata ɗaki. Bayan kamar rabin sa'a wayar ta sake ƙara.

"Baba, na sauka."

"Mota ta lalace?"

"A'a. Ta cika. Direba ya tayar, sai na ce ya buɗe mini."

"Akwai wata bayanta. Zauna ki sha ruwa, ki shiga ta gaba."

"Na zauna. Uku sun tashi ina kallo." Ina jin hayaniyar tasha a bayanta, ana kiran Damaturu, Maiduguri. "Ba ni da hijabin ma. Ban san da wane suna zan taho ba."

Na ce ta taho da nata. Ta ce to. Ba ta taho ba. Aka binne shi Asabar da rana, fasto ya karanta sunayen 'ya'ya, aka amsa uku cikin huɗu. Wasu daga cikin dangi sun yi maganar da dangi ke yi, cewa boko ya shiga kanta, cewa wanda bai zo ga gawar uba ba ba shi da uzuri. Ban yi musu gardama ba, domin uzurin nata ba shi da takarda.

A Yuli ta shiga ɗakin jarrabawa da sabon kati, ta rubuta, ta ci da maki mai kyau. Tana aiki yanzu a garin, kuma an ce masu kantin na yabonta. Mahaifiyarta ce ke zuwa wurinta, sau ɗaya a shekara, da garin kuka da busasshen kifi.

Abin da al'amarin ya ci, iyakar sanina: kati biyu da takarda ɗaya. Sa'a ɗaya da rabi ta fasinja bakwai. Shekara ɗaya ta karatu. Gaisuwa tsakaninta da Hashim, wanda ya kira sau shida ba a ɗauka ba, ya daina. Wata takwas na ƙarshen rayuwar Wilson, da jana'izarsa. Zumunci da baffanninta biyu. Bikin ƙanwarta, da sunan ɗan Siddiƙa. Zuwa ranar da nake wannan rubutu, wata ashirin da shida ke nan Ketura ba ta taka Maiduguri ba.